Abin da ƙwayar CD4 mai hutu ta koya mini

A karatun ƙwayoyin cuta da na yi a Jami'ar Jos, babin da ya fi zauna mini shi ne yadda HIV ke kutsawa cikin ƙwayar garkuwa ta CD4, musamman mai hutu, wato wadda ba ta tashi yaƙar wata cuta ba.

Ƙwayar cutar lulluɓe take da tantanin kitse mai ƙayoyin furotin. Kan ƙayar, gp120, shi ke fara cafke furotin CD4 da ke saman ƙwayar garkuwar, sai ya sauya siffa ya ƙara riƙe CCR5 ko CXCR4, wasu furotin biyu a saman ƙwayar waɗanda a 1996 aka gano aikinsu. Nan ne gindin ƙayar, gp41, ke miƙewa ya soki tantanin ƙwayar garkuwar, ya naɗe kansa, ya jawo tantanin biyu su haɗe kamar ɗigon manja biyu a kan miya. Maganin enfuvirtide na 2003 naɗewar nan yake hanawa, maraviroc na 2007 kuwa CCR5 yake toshewa.

Sai dai shiga daban, hayayyafa daban. A ƙwaya mai hutu akwai furotin SAMHD1 da ke lalata sinadaran da cutar ke buƙata don kwafar kanta, aikin ya tsaya rabi. Da farko wannan ya faranta mini rai, kafin malaminmu ya kai mu ga sauran labarin: ƙwayar garkuwar da ta kamu tana shirin komawa hutu takan kwanta da DNA ɗin cutar a cikin nata, shiru. A 1997 masu bincike a Amurka suka nuna wannan maɓoya tana nan har a jikin masu shan magani, daga baya kuma aka gano sai wajen wata 44 rabinta ke raguwa.

Amfanin wannan ilimi a asibiti na gan shi. Takardar gwaji ta fito ba a ga ƙwayar cutar a jini ba, wata dattijuwa ta naɗe ta a gefen zane, ta ce, "Ɗana, na warke ke nan?"

Na ce, "Mama, jini ya yi kyau, alhamdu lillahi. Amma hayayyafar cutar maganin yake tarewa, ba ya taɓa wadda ta kwanta. In kika ajiye shi, cikin 'yan makonni takan dawo."

Ni dai a ganina, cewa "kar a daina" kawai bai wadatar ba. Majinyaci na da haƙƙin a gaya masa dalili da harshen da yake ji, ko da layi ya yi tsawo a waje.