Watan haihuwa da zaɓen yara a makarantun ƙwallo

Idan aka tara yara 'yan shekara goma a fili ɗaya, wanda aka haifa a Janairu ya girmi na Disamba da wata goma sha ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin goma na rayuwarsu ke nan. A wannan matakin yaro kan ƙara tsawon santimita 5 zuwa 6 a shekara. Sai koci ya hango mai tsawo da ƙarfin kafaɗa ya ce ga gwani, alhali girman jiki kawai ya gani.

Wani mai bincike, Roger Barnsley, da abokan aikinsa suna cikin waɗanda suka fara bankaɗo wannan, a 1985, a wasan hokin ƙanƙara na Kanada, inda ake fara lissafin shekarun rukunin yara daga 1 ga Janairu. Haifaffun watannin farkon shekara ne suka cika manyan ƙungiyoyi. Ba wata albarka ba ce a Janairu. A Ingila, inda lissafin ke farawa 1 ga Satumba, 'yan Satumba zuwa Nuwamba ne ke rinjaye, 'yan Yuli da Agusta su sha ƙasa. Harry Kane ɗan Yuli ne, kuma Arsenal ta sallame shi tun yana ƙarami.

Ɓarnar tana ninkuwa ne bayan zaɓe. Wanda aka ɗauka ya samu ƙwararren koci da atisaye da wasanni, wanda aka bari ya karaya ya jingine takalmi. Bayan shekara biyar bambancin ya zama na gaske.

Mai horar da yara ya fara da lissafi: ya rubuta watan haihuwar kowa, ya kasa shekara gida huɗu, wata uku-uku, daga watan da lissafin shekaru ke farawa, ya ƙirga. In gidan farko ya cinye rabin 'yan wasa, akwai matsala. Ranar gwaji kuma a raba riguna bisa ranar haihuwa, lamba 1 ga babba, ta ƙarshe ga auta. An jarraba haka da masu farautar 'yan wasa na ƙungiyar PSV a Holan, fifita haifaffun watannin farko ya ragu ƙwarai.

Akwai kuma haɗa yara bisa balagar jiki. Ana auna tsawon yaro da nauyinsa da tsawon iyayensa biyu, a ƙiyasta inda zai tsaya, sannan a haɗa, misali, waɗanda suka kai kashi 85 zuwa 90 na wannan tsawon. Sai dai iyaye kan ƙara wa kansu tsawo in an tambaye su da baki, don haka a sa musu tef a auna.