Sifaniyancin ɗan kasuwa: daga tiyar aya zuwa kwantena

Ayar da ake aunawa da tiya a kasuwar Dole ta Damagaram ita ce mutanen Balensiya, a ƙasar Sifen, ke kira chufa. Su jiƙa ta, su markaɗa, su tace, su sa sukari, su sha da sanyi da sunan horchata. Kunun aya ne zalla. Suna noma tasu amma ba ta isarsu, shi ya sa suke sayen ta Nijar da Mali da Burkina Faso. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ribar kan tsaya a hannun dillalin da ya iya magana da mai saye. Ɗan kasuwar Damagaram ba ya buƙatar Sifaniyancin jami'a kafin ya shiga wannan ciniki. Harshen hajarsa zai fara koya.

Furucin bai da wuyar na Faransanci. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u, irin namu, kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa. Harafin ch shi ne c ɗinmu, h ba a furta shi, j kuwa kamar "kha" ta Larabci yake. Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya mallaki wannan sautin.

Faransancin da muka koya a lakwal tsani ne, amma akwai matakan da suka ruɓe: kalmomin da suka yi kama da na Faransanci alhali ma'anarsu daban. Mafi haɗari shi ne demandar. Kana nufin "ina neman farashi", shi kuwa Basifaniye ya ji kamar za ka maka shi a kotu, don ma'anar da aka fi sani ke nan. Ka ce pedir ko solicitar. Entender fahimta ce, ba ji da kunne ba. Largo tsawo ne, ba faɗi ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya ɓata odar fatun da dukawa suka kwana suna yanka.

Sai kalmomin ciniki. Mai saye zai fara neman muestra, wato samfur. Zai tambayi calibre, girman ƙwayar, da humedad, yawan danshi. Kada ka amsa tambayar danshi da "ta bushe sarai", lamba yake so daga na'urar awo. Ayar da aka ɗura a buhu da sauran laima takan yi funfuna cikin kwantena, ta haifar da dafin aflatoxina, kuma Tarayyar Turai na mayar da kayan da dafin ya wuce ƙa'ida. Daga nan sai factura proforma, takardar farashi kafin biya, da anticipo, kuɗin kafin alƙalami, da certificado fitosanitario na lafiyar amfanin gona.

Sunan haja ma na sauyawa da ƙasa. Riɗi sésamo ne a Sifen, ajonjolí a Meziko. Gyaɗa cacahuete ce a Sifen, maní a Ajantina. Haka lambobi: a Sifen 1.500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne, a Meziko ɗaya da rabi. Ka riƙa rubuta adadin da lamba da kuma haruffa. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato 656 ba kaɗan, ba ya hawa ba ya sauka, amma cinikin Latin Amurka galibi da dalar Amurka ake yi.

Wajen koyo, rabin awa kullum bayan asuba ya fi awa huɗu a rana guda. Wata na farko ƙirge da gaisuwa, na biyu kalmomin hajarka, na uku rubuta saƙon WhatsApp da sauraron muryar mai saye. Ka kira shi usted, wato "ku" na girmamawa, har sai shi ya fara ce maka tú, wato "kai". Mai son takardar shaida ya nemi jarrabawar DELE ta cibiyar Cervantes, matakin B1, wato matsakaici, ya isa a yi ciniki.

Kada ka kira ofis a Sifen tsakanin ƙarfe 2 da 4 na rana agogonsu, suna cin abinci. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba sun riga mu da awa ɗaya. A watan Agusta kuwa kamfanoni da yawa na hutu, don haka samfurinka ya isa hannunsu tun Yuni.