Ranar da Na Karanta Hukuncina da Bakina

Ƙannena, musamman ku da kuka shiga ƙungiyar masu karatu a majami'a, bari in ba ku labarin kunyar da na sha, ko ku huta da shan irinta.

Na fara hawa bagade ina karatu a cocinmu nan Sakkwato ina da shekara ashirin da 'yan kai. Allah ya ba ni murya, na kuma san ya ba ni, nan matsalar take. Ranar Asabar da dare gugar riga ce gabana. Nassin kuwa sai na iso da safe in leƙa shi tsaye a bakin ƙofa, in ga ko akwai sunan da zai sarƙe mini harshe. In an tashi Mas, wato sujadarmu ta Katolika, 'yan Zumuntar Mata su ce, "Ɗanmu, yau ka karanta da kyau," sai kai ya kumbura. Da wani zai tare ni a bakin titi ya ce me ka karanta, da na yi zuru.

Ran 30 ga Satumba, 2018, Lahadi ta 26 ce a Shekarar B ta jadawalin karatun Ikilisiya, aka ba ni karatu na biyu: Wasiƙar Yakubu, sura 5, aya 1 zuwa 6. Wurin da yake gargaɗin mawadata cewa hakkin ma'aikatan da suka girbe musu gona, wanda suka danne, yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Kai, ranar na saki murya! Har ina ɗaga ido wajen kujerun gaba, inda masu manyan motoci ke zama, a raina ina cewa yau Allah ya kama ku. Bisharar ranar daga Markus sura 9 take, inda Yesu ya ce wanda ya ba ku ko da ƙoƙon ruwa ne saboda ku na Almasihu ne, ladansa ba zai ɓace ba.

Mun dawo gida, Mama tana tuɓe ɗankwali, ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Ka biya Baba mai ruwa kuwa?"

Wani dattijo ne mutumin Nijar, Musulmi, mai tura kurar jarkoki a unguwarmu. Wanda ya san ranar Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da tura kura yake nufi. Tun bazara nake ce masa "gobe". Kuɗin suka taru har naira 4,200, ni kuwa a watannin nan na ɗinka shadda, na sauya waya. In ya yi sallama sai in aiki ƙanena ya ce ba na nan. Ba ya faɗa. Ya juye ruwan a randa, ya share gumi da gefen rawaninsa, ya ce, "To, Allah ya kai mu." Har silifas ɗinsa ina tunawa, an ɗaure maɗaurin da waya.

Na ce, "Mama, ai Yakubu da masu arziki yake." Ta ce, "A wurin mai ruwa kai ne mai arzikin."

To ga abin da nake roƙonku. Ku buɗe karatun tun ranar Alhamis ko Juma'a, kuna zaune. Ba ɓoyayyen abu ba ne, Ikilisiya ta tsara shi a zagayen shekara uku: Bisharar Matiyu a Shekarar A, Markus a B, Luka a C, Yahaya kuma ya fi fitowa lokacin Ista. Karatu na farko, wanda yawanci daga Tsohon Alkawari yake, an zaɓo shi ne don ya haska Bishara, saboda haka mai shigowa a makare, ana tsakiyar Zabura, wa'azin Fada rabi zai fahimta. Na biyu kuwa wasiƙa ce ake bi mako-mako. Yakubu Lahadi biyar a jere ake karanta shi. Wato makonni huɗu kafin ranar nan an riga an karanta mana cewa mu zama masu aikata magana, ba masu ji kawai ba, ina zaune a wurin.

In Mas na Turanci kuke zuwa, ku sake karanta nassin a Littafi Mai Tsarki na Hausa. Turanci yakan bar mutum ya laɓe a bayansa, amma kalmar "hakki" ba ta barin Bahaushe ya yi barci. Sannan in aya ta tuna muku da wani, maƙwabci ko shugaban kwamiti, ku yi zargin kanku. Ni dai duk ranar da na ji daɗin karatu don ya dace da wani, na tarar da nawa sunan a ciki.

Washegari na fita da kuɗin a aljihu, na je bakin rijiyar burtsatse inda suke cika jarkoki. Aka ce Baba ya tafi gida girbin gero tun makon jiya. Na jira har sanyi ya shigo, 'yan cirani suka dawo, shi bai dawo ba. Daga baya na damƙa wa wani ɗan garinsu kuɗin, ya ce in sha Allah zai kai. A 2021 nassin ya zagayo, suna na ne kuma a jadawali. Na roƙi katikis, malamin koyarwar addini na cocinmu, ya ba wani, ya ce a'a, ni zan hau.