Abin da na rubuta a bayan littafin awo

Ɗinki sana'a ce da ke riƙe hannu da ƙafa, ta saki kai. Idan hannunka ya faɗa, kana iya haɗa jallabiya daga wuya har kalmasar ƙasa alhali hankalinka yana Kano, ko yana cikin wata rigimar da ba a ma yi ta ba tukuna. Ni tela ne a wani shago a Jidda, kuma na daɗe kaina ba shi da aiki yayin da keke ke gudu sai zaman shari'a. Ni ne mai ƙara, ni ake ƙara, ni ne alƙali, kuma ban taɓa tashi da gaskiya ba.

Abin bai yi tsanani ba sai bayan rusau. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 an rushe tsofaffin unguwanni da yawa a Jidda, irin su Gulail da Bitromin da Sabil da Karantina, inda mutanenmu suka daɗe da zama. Kowa ya kama gabansa. Wasu sun koma Makka, wasu can gefen gari, wasu sun haƙura sun tafi gida. A da idan na tashi daga aiki akwai tabarmar da ake zama a sha shayi a yi musun ƙwallo, in ka faɗi wata damuwa wani ya yi maka dariya ta mutu nan take. Bayan an watse sai ya rage daga ni sai ɗaki sai waya.

Wayar ce kuwa matsalar. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2, don haka lokacin da mutanen gida suka idar da isha'i suka natsu, ni ina ƙarasa aikin dare a gajiye. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 tun 1986, naira kuma tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta yi ta gangara. A lissafin mutanen gida albashina ya ninka ba tare da an ƙara mini ko sisi ba. A nan kuwa haya ta tashi bayan rusau, harajin kaya yana kashi 15 cikin 100 tun Yulin 2020. Ban ga laifinsu ba, ko ni ne a can haka zan lissafa.

To ga yadda abin ke tafiya. Waya ta yi ƙara, na ga lambar gida, ƙirjina ya buga. Sai in kife ta a kan tebur, in ci gaba da taka keke. Nan take in ji sanyi a raina. Kashegari saƙonnin murya sun taru a WhatsApp, ina ganinsu ba na buɗewa. In kwana biyu a haka kunya ta ishe ni, sai in ranci kuɗi wajen abokin aiki in tura fiye da abin da aka tambaya, don in wanke kaina. Ƙarshen wata ya zo da bashi. Bashin ya ƙara mini tsoron waya. Haka nake zagaye, ina kiran abin da sunan ciwon kai da rashin barci.

Wanda ya nuna mini zagayen wani dattijo ne mai kawo mana ɗinki, ma'aikacin jinya a wani asibiti. Bahaushen Sudan ne, ɗan Mai Wurno, garin nan na bakin kogi kusa da Sinnar da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarsa irin ta kakanni ce, da Larabci jefi-jefi. Ina auna masa kafaɗa na ce, "Malam, ko akwai wani magani da za ku ba ni? Barci ya ƙaurace mini."

Bai yi maganar magani ba. Ya yi ta tambayata har muka iso kan wayar. Sannan ya ce, "Ƙanina, tsakanin ƙarar wayar da kife ta, me ka faɗa wa kanka?"

Na ce ban faɗi komai ba.

Ya ce, "Ka faɗa. Saurinta ne ya hana ka ji."

A wajensa na fara jin labarin wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Aaron Beck, wanda a shekarun 1960 ya lura cewa masu fama da ciwon damuwa suna da wasu maganganu da ke gilmawa a ransu da kansu, da sauri, kuma suna karɓarsu a matsayin gaskiya ba tare da bincike ba. A kan wannan ya gina hanyar jinyar da ake koya wa mutum ya kama tunanin, ya auna shi, ya gwada shi a aikace. Da dattijon ya ga fuskata ta nuna alamar wannan ai harkar Turawa ce, sai ya kawo mini Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, wanda ya yi rubutu kan tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi da yadda ake magance su da tunani. Wani masani ɗan Sudan, Malik Badri, shi ya fassara wannan rubutun zuwa Turanci. Cikin abin da al-Balkhi ya faɗa akwai cewa mutum ya tanadi lafiyayyun tunani lokacin da hankalinsa ke kwance, kamar yadda ake ajiye magani a gida tun ciwo bai zo ba.

Aikin da ya ba ni bai kai ya kawo ba. Kowane tela yana da littafin awo. Na juya nawa ta baya, na ja layi uku da biro. Na farko abin da ya faru. Na biyu abin da na faɗa wa kaina. Na uku abin da na yi. Ya ce in bar fili a gefe, daga baya in rubuta abin da ya auku a zahiri.

Layi na biyu ne ya ba ni wahala. Da farko "na ji ba daɗi" nake rubutawa, ya ce wannan ji ne, shi maganar yake so. Da na dage na tsaya na saurara, ga abin da ya fito, kuma har yau yana nan tsakanin awon wani Bayamane da lissafin zare: "Kuɗi ne. In na ce babu za a ce na samu duniya na manta da su. Za a kai wa Hajiya. Za ta yi fushi. Wanda uwa ke fushi da shi ba ya gamawa lafiya." Duk wannan kafin waya ta yi ƙara ta uku. Daga kiran da ban ɗaga ba na isa har lahira.

Da shafukan suka fara cika sai na ga ashe maganganun ba su da yawa, kaya kawai suke sauyawa. Mafi yawa karatun zuciyar mutane ne. Mai shago ya shigo bai amsa gaisuwata da kyau ba, na rubuta "ya gaji da ni". Abokin ciniki ya juya riga yana duba ɗinkin ciki, na rubuta "ya raina aikin baƙar fata". Sai hango masifa, wato daga ƙaramin abu in yi tsalle zuwa mafi muni. Sai kalmar "dole", wadda na tarar a kusan kowane shafi: dole in tura, dole kada kowa ya ji haushina, dole ɗan fari ya ɗauki kowa. Ban san wanda ya ɗora mini wannan dolen ba, don mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yakan ce babu idan babu.

Mun sha jin aya ta 12 a suratul Hujurat da ke hana yawan zato, da hadisin da ya ce zato shi ne mafi ƙaryar zance. Kullum nakan ɗauka magana ce a kan zargin mutane da laifi. Ban taɓa kawo cewa yanke wa mahaifiyata hukuncin tana fushi da ni, ba tare da ta faɗa ba, shi ma yana ciki ba.

Maganar Hajiya ta isa a tsaya a kanta. Ni ne ɗan farinta, ba ta kiran sunana, ba ta doguwar hira da ni. Idan na kira, ga dukan abin da zan samu: "Lafiya lau. Ya aikin? To, Allah Ya yi albarka. Ga ƙanwarka." A ɗakin haya a Jidda, da tsakar dare, wannan gajartar takan zame mini hujjar fushi. Dattijon ya tambaye ni, "Lokacin da kake gida, kafin ka taɓa riƙe riyal, yaya take yi maka magana?" Haka take yi. Tun ina yaro haka take yi. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta, ni ma na san ta, amma da dare sai in manta. Ya ce duk da haka kada in tsaya a kan lissafi, in tambaya. Na kira ƙanwata. Ta ce, "Yaya, fushin me? Abu ɗaya take ƙorafi a kai, ba ka ɗaga waya."

Wato abin da nake yi don in kauce wa ɓacin ranta shi ne kaɗai abin da ke ɓata mata rai.

A nan na gane cewa rubutu shi kaɗai ba zai fitar da ni ba. Kana iya kayar da tunani a takarda da rana, waya ta yi ƙara da dare hannunka ya kife ta kamar ba ka taɓa rubuta komai ba. Dalilin kuwa shi ne sanyin nan da ake ji bayan an kife. Jiki yana koyon cewa gudu ne ya cece shi, kuma muddin kana gudu ba za ka taɓa ganin abin da zai faru in ka tsaya ba. Ibnul Ƙayyim ya yi bayanin irin wannan tsani: abin da ya ɗarsu a rai in ba a ture shi ba ya zama tunani, ya zama niyya, ya zama aiki, ya zama al'adar da ke da wuyar bari. Ni na riga na kai matakin ƙarshe, don haka ta wajen aiki ya kamata in kamo.

Sai na mai da Juma'a bayan la'asar lokacin kiran gida, ni ne mai kira, ban jira a kira ni ba. Kafin in danna nakan rubuta abin da nake zaton zai faru, bayan na ajiye in cike filin gefe. Sau da yawa ba a ma ta da zancen kuɗi. Haihuwa ce, ko rasuwa a unguwa, ko yaro ya sauke izu. Ranar da ƙanena ya nemi kuɗin gyaran adaidaitarsa, na riga na tanadi amsata tun da safe, na ce, "Wannan watan ba zai yiwu ba. In Allah Ya kai mu ƙarshen mai zuwa zan ba ka rabi." Ya ce "to, ba komai" da muryar da kowa ya san akwai komai. Ya ɗauke mini gaisuwa na ɗan lokaci.

Wannan ya fi koya mini fiye da duk ranakun da zatona ya faɗi. Zatona na cewa zai ji haushi ya tabbata. Abin da bai tabbata ba shi ne sauran jerin: maganar ba ta je wa Hajiya ba, ba wanda ya tsine wa kowa, kuma na iya zama da haushin ƙanena a raina ina ɗinki ina cin abinci. A da na ɗauka ba zan iya ba. Masu cewa ka dai riƙa tunanin alheri, komai zai tafi daidai, ba su taimake ni ba ko kaɗan, don zuciya ta san ana yi mata wayo. Abin da take karɓa shi ne magana mai hujja, irin "zai yi fushi, zai huce, na ga hakan da idona".

Ba kowace damuwa ce zato ba, kuma duk wanda ke zaune a ƙasar wani ya san haka. Iƙama, wato takardar izinin zama, tana ƙarewa da gaske, bashi na gaske ne. Dattijon nan tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 hankalinsa na kan 'yan uwansa, ba wani littafi da zai ce masa tsoronsa kuskure ne. Tambayar da yake yi wa kansa ita na ara: akwai abin da zan iya yi a kai gobe da safe? In akwai, a rubuta a yi. Na kwashe makonni ina tunanin mai shago ba zai sabunta mini iƙama ba, abin da ya kashe zancen shi ne na buɗe Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, na ga ranar ƙarewarta, na same shi bayan azahar na tambaye shi kai tsaye. In kuwa babu abin yi, sai addu'a, sai in ce wa tunanin ya jira lokacin hutun la'asar, in ba shi minti goma sha biyar. Wannan dabarar jiran ba kullum take ci ba. A goman ƙarshe na azumi, lokacin da muke ɗinkin Sallah har sahur, ba ta ci sam, don gajiya da rashin barci suna dawo da tsofaffin maganganun da ƙarfinsu. Na dai san su yanzu, kuma ba na rance a kansu.

Ya gargaɗe ni da abu ɗaya tun farko, ni ma ina gargaɗin wasu. Littafi na mai sauran ƙarfi ne. Wanda ya daina cin abinci, ko ya kasa tashi zuwa aiki, ko ya fara jin gara ma ya mutu, likita zai gani, ba tare da ya bar addu'arsa ba. A nan ma'aikatar lafiya tana da layin 937 da ake kira a nemi shawara. Mu Kanawa da an ce likitan ƙwaƙwalwa sai mu ce ai ba mu kai Dawanau ba, wato asibitin masu taɓin hankali, kuma wannan maganar ta zaunar da mutane da yawa a ɗaki da ciwon da ke da magani.

Akwai wani yaro ɗan Damagaram da ke yi mana guga, na lura shi ma yana kife waya. Na nuna masa bayan littafina, ya ce, "Yaya, ni ban yi boko ba, ajamin ma a hankali nake ja." Sai muka sauya. Kafin ya kira gida yakan ɗauki muryarsa a waya ya faɗi abin da yake zaton za a ce masa, bayan ya gama ya kunna ya ji. Nasa tsoron daban ne da nawa, maganar aure ce da sadakin da ake jira, kuma har yanzu kawunsa ne kaɗai bai yarda ya kira ba.