Ba sai ka buga dubu ba

Marubutanmu na Agege da Idi-Araba, ku matso kusa. A da in ka kai littafi maɗaba'a a Shomolu, sai an haɗa faranti, wato fallen ƙarfen da ake sa hoton shafukan a kai, kafin inji ya tashi, kuɗin farantin kuwa ɗaya ne, ko kwafi 50 za ka buga ko 1,000. Dole ka buga da yawa, ka jibge a ɗaki, danshin Legas ya yi ta cinsu.

Injin dijital ba ruwansa da faranti. PDF kawai na kai, aka fitar mini da kwafin gwaji, na duba, sannan aka buga daidai adadin waɗanda suka riga suka biya. Kowane kwafi ya fi tsada, gaskiya ne, amma ba bashin kowa a wuyana. Amazon KDP, wato sashen kamfanin Amazon da ke buga wa marubuta littafi, su ma sai an saya suke bugawa, sai dai kuɗin turowa daga waje da dala ba wasa ba ne.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa.

Don Allah ku tsaya kan ƙ da ɗ da ɓ a kwafin gwaji. Wani salon rubutun kwamfuta (font) yakan mayar da su akwati, mai injin da ba ya jin Hausa kuwa ba zai lura ba.