Tambayar da na amsa da "a'a" a fom ɗin inshorar Baba

Tun Baba yana koyarwa burinsa ya ga Andalus, wato yankin Sifaniya da Musulmi suka taɓa mulka, da idonsa. Ya sha ba mu labarin Ƙurɗuba da Garnaɗa, da yadda fadar Alhamra ta fita daga hannun Musulmi a 1492, yana bayarwa kamar a gabansa aka yi. Da ya ajiye aiki, ni kuma Allah Ya hore mini, sai na ce to lokaci ya yi. Kwana goma muka tsara a Sifaniya, ni da shi da maiɗakina.

Cikin takardun da ake nema wajen bizar Shengen, wato bizar da ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, akwai inshorar lafiya. Dokar biza ta Tarayyar Turai ta 2009 ce ta wajabta ta, kuma ta fayyace abin da take so: inshorar ta kai aƙalla Yuro 30,000, ta yi aiki a duk ƙasashen yankin har tsawon zaman mutum, ta ɗauki jinyar gaggawa da kwanciya asibiti da mayar da majinyaci gida, ko gawarsa idan ta Allah ta kasance. Yanzu na haddace wannan. A wancan lokaci kuwa takarda ce kawai a wurina cikin jerin takardu, daidai take da hoton fasfo da shaidar kama otal. Da daddare na buɗe kwamfuta, na zaɓi wadda ta fi araha, na fara cike fom ina hamma.

Can tsakiyar fom ɗin aka tambaya ko cikin matafiyan akwai mai wani ciwo da ake masa magani, ko mai shan magani a kai a kai. Na danna "a'a" ga dukkanmu uku.

Allah Ya sani ba ƙarya na yi niyya ba. Baba ya fi shekara goma da hawan jini, amma ban taɓa kallonsa a matsayin majinyaci ba. Ƙwaya ɗaya yake haɗiya da safe, ya fita ya yi tafiyar ƙafa da ni kaina ba na iya yi. A tunanina mai ciwo shi ne wanda yake kwance. Ko daƙiƙa biyar ban yi a kan tambayar ba.

Rana ta shida muna Garnaɗa. Ranar da ta gabata muka zaga Alhamra, Baba yana tsayawa gaban kowane bango yana karanta rubutun Larabcin da aka sassaƙa, mu muna jiransa. Da safe na shiga ɗakinsa na tarar da shi zaune a bakin gado. Carbinsa ya suɓuce ƙasa, ya miƙa hannun dama zai ɗauka, hannun ya ƙi. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ɗago zai amsa, sai na ga bakinsa ya karkace gefe guda, maganar tana fitowa a cakuɗe. Maiɗakina ce ta fi ni nutsuwa. Ta ce, "Kira motar asibiti yanzu, kada ka tsaya neman tasi." Na buga 112, lambar gaggawa da ke aiki a duk faɗin Tarayyar Turai.

A asibitin ba wanda ya tare mu da zancen kuɗi a ƙofa. Aka wuce da shi ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, likita ya fito ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma ƙarama, kuma mun zo da wuri. Ya bayyana mini cewa maganin narkar da gudan jini yana da iyakar lokaci, kimanin awa huɗu da rabi daga farawar alamun. Ya tambaye ni ko Baba yana shan wani magani. Na ciro kwalin daga aljihuna na miƙa masa, ya duba ya rubuta. Wannan shi ne daidai, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi, domin ran mahaifina ya fi kowace takarda. Sai dai layin da ya rubuta shi ne ya yanke hukunci a kan inshorarmu.

Sai washegari na tuna akwai lambar waya a jikin takardar. Matar da ta ɗauka ta yi mini magana cikin ladabi, ta yi wa Baba fatan sauƙi, ta ba ni lambar fayil, ta nemi rahoton likita. Na tura. Bayan kwana uku amsa ta zo: ba za su biya ba. Dalili, ciwon ya samo asali daga cutar da ake da ita tun kafin tafiya, kuma ba a bayyana ta ba lokacin sayen inshorar. Suka ambaci sakin layi da lambarsa.

A kan kujerar roba ta barandar asibiti, wajen ƙarfe biyu na dare, na karanta takardar sharuɗɗan a karon farko, a waya, ina jan shafi da yatsa. Komai yana nan a rubuce. Na yi fushi da kamfanin, kuma har yau ina ganin akwai zalunci a yadda ake sayar da irin wannan inshora: a rubuta Yuro 30,000 da manyan baƙaƙe a shafin farko, abin da zai hana ka samun ko sisi kuma a binne shi can ƙasa cikin kalmomin lauyoyi. Amma fa an tambaye ni, da harshen da na fahimta, ni kuma na amsa. Wannan ba zan ɗora wa kowa ba.

Abin da ban sani ba a da shi ne yadda masu inshora ke fassara "ciwon da ake da shi". A wurinsu ba sai kana kwance ba. Hawan jini, ciwon suga, asma, gyambon ciki, tiyatar da aka yi maka bara, har gwajin da aka yi maka kana jiran sakamako, duk suna iya shiga. Kuma ba ciwon kaɗai suke cirewa ba, har abin da likita zai iya dangantawa da shi. Mai hawan jini idan ya karye a matakala mai yiwuwa su biya. Idan zuciya ce ko shanyewar jiki, nan za su ja daga. Wasu kamfanonin ma ba sa tambaya, sun riga sun cire duk tsofaffin cututtuka a sharuɗɗansu, ka sani ko ba ka sani ba. Irin waɗannan suna cikin masu araha, kuma su ofishin jakadanci zai iya karɓa ba tare da wata magana ba, domin shi adadin kuɗi da kwanaki yake dubawa. Araha ba ta ado.

Kuɗin asibitin ma ba shi ne ya fi kaɗa ni ba. Da aka sallami Baba, likita ya ce ba zai shiga jirgi ba tukuna. Iskar da ke cikin jirgin sama daidai take da ta kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000, ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba, kuma kamfanin jirgi ba ya ɗaukar wanda bai jima da irin wannan ciwo ba sai da takardar likita. Tikitinmu na komawa ya ƙone. Otal ya ci gaba da ƙirga kwana. Bizarmu ta kusa ƙarewa, sai da na je ofishin da ke kula da baƙi da rahoton asibiti aka ƙara mana wa'adi, domin dokar ta yarda a tsawaita biza saboda larurar da ta fi ƙarfin mutum. Duk wannan, inshorar da ta amince da ciwon ita za ta ɗauka: ƙarin kwana, sabon tikiti, har ma'aikacin jinya da zai raka majinyaci idan akwai bukata. Mu mun yi sa'a Baba ya iya zama a kujera. Wanda sai a kwance, kujeru da dama ake haɗa masa a jirgin fasinja, ko a ɗauko jirgin jinya na musamman, wanda kuɗinsa kan kai dubun-dubatar daloli, wani lokaci ya haura dala 100,000 idan tafiyar ta yi nisa. Ajiyata ta shekaru ta tafi, ƙannena suka cika sauran.

Wani dare na kasa riƙewa na faɗa wa Baba abin da na yi a fom. Ya yi shiru, sannan ya ce, da harshensa da bai gama warwarewa ba, "Ka kawo ni na ga abin da nake karantawa shekara arba'in. Kada ka sa wa ranka damuwa. Amma gobe idan an tambaye ka, ka tambaye ni."

Tun daga nan duk wanda ya ce mini zai tafi hutu waje sai na tsare shi da wannan zance, har wasu sun fara gajiya da ni. Da yawa suna tafiya da zaton wani zai tsaya musu. Ofishin jakadancin ƙasarka zai iya taimaka maka da sanar da iyali ko nuna maka asibiti, amma ba ya biyan kuɗin jinya. Inshorar lafiyar da kake da ita ta wurin aiki yawanci iyakarta kan iyakar ƙasa. Ko Amurkawa, tsarinsu na Medicare na tsofaffi ba ya bin su waje sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Mazauna Turai suna da katin EHIC, na Birtaniya kuma GHIC tun 2021, wanda ke ba su damar jinya a asibitin gwamnati kamar 'yan ƙasar da suka ziyarta, amma katin ba ya biyan asibitin kuɗi, ba ya mayar da mutum gida. Mai zuwa Amurka kuwa shi ya fi kowa bukatar ya nutsu. Akwai dokar 1986 da ta hana sashen gaggawa korar majinyaci don ba shi da kuɗi, amma ba ta yafe bashin ba, takardar za ta biyo ka. Adadin da ya wadatar a Turai yana iya ƙarewa cikin 'yan kwanaki a can.

Sauran tarkunan ba su da wuyar ganewa idan an karanta. Haya babur ba tare da lasisin tuƙa shi ba ko ba hular kwano, nutso cikin teku, wasan ƙanƙara, tafiya da tsohon ciki, shiga yankin da ake yaƙi, duk kan zama a wajen inshorar sai an ƙara kuɗi ko ma ba a karɓa sam. Akwai kason da kai za ka fara biya daga aljihunka kafin su ɗora. Jakar da ta ɓace a jirgi kuma kamfanin jirgin ne farkon mai alhaki a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999, kana da kwana 7 ka kai ƙorafi a rubuce idan ta lalace, kwana 21 idan ta makara. Waɗannan asarar kaya ce, ana mayarwa, ban cika damuwa da su ba.

Abin da na fi nanatawa bayan faɗin gaskiya a fom shi ne kiran waya. A kira lambar agajin kamfanin da zarar majinyaci ya samu kulawa, kada a bari sai gobe kamar yadda na yi. Su ne ke aika wa asibiti takardar alkawarin biya, wadda ke raba ka da cire kuɗi mai yawa daga aljihu kana jiran a mayar maka bayan watanni. Kuma kowane rasit a adana, har na kantin magani.

Akwai abokaina da ke ƙyamar inshora saboda addini, kuma ban raina damuwarsu ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful, wadda aka fara kafa kamfaninta a Sudan a 1979. Kamfanonin takaful da dama suna da tsarin matafiya. Sai dai su ma suna da fom, suna da sharuɗɗa, kuma tambayar nan tana ciki.

Bayan shekara biyu Baba ya murmure sosai, sai ɗan nauyi a yatsun dama, ya ce yana son ganin Istanbul. Na ɗauki kwamfuta na je ɗakinsa da rana tsaka. Na ce, "Baba, a kawo jakar magani." Ya zazzage ta a kan gado, yanzu kwali huɗu ne. Yana ɗaga kowanne yana karanto sunan, ina rubutawa. Na sa hawan jinin, na sa shanyewar da watan da ta faru. Kamfani biyu suka ƙi karɓarsa, na uku ya karɓa da sharaɗin takardar likitansa, kuma nasa shi kaɗai ya ninka namu mu biyu. Na biya. Maiɗakina ta rubuta lambar agajin da lambar inshorar a ƙananan takardu uku, ta ba kowa ɗaya. Baba ya ninke tasa ya sa a aljihun gaba, inda yake ajiye carbinsa.