Abin da Faifan SSD Yake Yi Sa'ad da Allo Ya Yi Shiru

A shekarar 2018 aka ɗora mini alhakin haɗa sabuwar sabar da za ta riƙe bayanan wurin aikinmu, muka zaɓi FreeBSD 11, tsarin da ke tafiyar da na'ura, tare da ZFS, tsarin da ke kula da ajiyar bayanai a kan faifai. Faifan SSD, wato faifan ajiya na lantarki da ba ya juyawa, guda shida muke da su, waɗanda aka ciro daga wata tsohuwar na'ura bayan sun yi kusan shekara biyu suna aiki, aka jona su duka ta katin SAS guda ɗaya, wato katin da ke haɗa faifai da na'ura. Na sha haɗa rumbun ajiya a kan faifai masu juyawa, kuma na saba da cewa da zarar na buga zpool create, umarnin da ke kafa rumbun, kafin in ɗauke hannu daga madannai an gama. Saboda haka da allo ya tsaya cik a wannan karon, babu saƙon kuskure kuma babu alamar ci gaba, sai zuciyata ta yanke cewa wani abu ya lalace.

Na jira minti goma, na nemi tsayar da umarnin bai tsaya ba, sai na danne maɓallin wuta na kashe na'urar. Daga nan na shiga sauya kebul, ina sauya wa faifai rami, ina sake gwadawa ina sake kashewa, har na kai ga rubuta takardar neman a sayo sabon kati. Kwana biyu na ɓata a haka.

A rana ta uku wani dattijon ma'aikaci da ya daɗe a harkar ya ja kujera ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Ƙanena, sau nawa ka kashe ta?" Na ce, "Sau huɗu, Malam." Ya ce, "A cikin huɗun nan, ko sau ɗaya ka duba abin da take yi kafin ka kashe?" Ya sa na sake buga umarnin, sannan na buɗe wata taga na kunna gstat, manhajar da ke nuna aikin da faifai suke yi. Layin karantawa da na rubutawa duk sifili ne, abin da ya ƙara mini tabbacin cewa na'urar ta sandare. Sai ya ce in ƙara -d a gaba. Nan take wani sabon layi ya bayyana, na sharewa, kuma lambobi suna ta gudu a gaban da0, wato faifai na farko, yayin da sauran faifai biyar suke zaune. Bayan wani lokaci da0 ya yi shiru, da1 ya ɗauka. Ashe aiki take yi tuƙuru, faifai ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina katse ta a tsakiya.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera SSD. Ƙwayoyin ajiyarsa ba sa karɓar sabon rubutu a kan tsohon sai an fara goge su, kuma gogewar ba ta yiwuwa sai a babban yanki gaba ɗaya, ba shafi ɗaya ba. Faifan da kansa ba shi da hanyar sanin bayanan da mai shi ya daina buƙata sai an faɗa masa, kuma saƙon da ake faɗa masa da shi shi ne TRIM. A FreeBSD na wancan lokaci akwai wani saiti mai suna vfs.zfs.vdev.trim_on_init, wanda yake a kunne tun daga farko, kuma aikinsa shi ne ya aika wa kowane SSD wannan saƙo a kan dukkan faɗinsa kafin a kafa rumbun, domin a fara da faifai mai tsabta. Tun da namu na SATA ne, wato wani nau'in mahaɗi daban, a bayan katin SAS, saƙon sai ya bi ta katin, kuma Malam ya nuna mini kern.cam.da.0.delete_method, inda ake ganin hanyar da tsarin ya zaɓa don isar da shi.

Ina jin haka na miƙa hannu zan mayar da saitin trim_on_init sifili, ya riƙe ni. A ganina nan ne darasin ya fi nauyi, domin kashe saitin zai sa a gama cikin daƙiƙoƙi, amma faifanmu ba sababbi ba ne. Cike suke da tsofaffin bayanai da suke ɗauka har yanzu ana so, kuma da mun tsallake sharewar, da sun riƙa kwashe wannan shara daga wuri zuwa wuri duk lokacin da aka yi sabon rubutu, abin da yake rage gudu yana kuma cinye kwanan faifai. Muka bar shi, muka je salla muka dawo, kafin awa ɗaya ta cika rumbun ya tsaya daram. Daga baya, da muka sayo faifai sababbi fil, na kashe saitin da sanina, domin babu abin sharewa a cikinsu.

Na sake haɗuwa da irin wannan a Linux, inda umarnan tsara faifai, mkfs.ext4 da mkfs.xfs, suke share faifan SSD kafin su tsara shi, sai dai in an hana na farko da -E nodiscard, na biyu kuma da -K. Da FreeBSD 13 ya fito a 2021 da OpenZFS, sharewar ta koma umarni mai zaman kansa, zpool trim, wanda ake iya bin ci gabansa, tare da saitin autotrim mai yin sharewar da kansa.

Takardar neman sabon kati kuwa, da kaina na je na janye ta a washegari, na bayyana wa shugabana cewa katin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya fi damuna har yau shi ne katse wutar nan sau huɗu a kan faifai suna tsakiyar aiki, shi ya sa na shafe makonni ina bin bayanan lafiyarsu da umarnin smartctl kowace safiya kafin hankalina ya kwanta mu ɗora musu bayanan jama'a.